Abin da Takaba Ta Ci a Jikina

Maigidana ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kan benci a tashar Birnin Kudu yana jiran motarsa ta cika. Tun yana saurayi direba ne, daga baya Allah ya hore masa bas tasa ta kansa, yana jigilar mutane tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Waɗanda ke kusa da shi sun ce cewa ya yi kansa na sarawa, ya jingina da bango, shi ke nan. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni a lokacin shekarata hamsin da tara, ban daɗe da yin ritaya daga koyarwa a firamare ba.

Ranar farko na yi kuka, domin kowa a gidan kuka yake yi. Washegari sai abin ya ɗauke, kamar yadda ruwan famfo yake ɗaukewa ba sallama. Mata suna shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Mun gode Allah." Shekara talatin da takwas muka yi tare. Ina iya tuna yadda yake kakkaɓe hularsa a gwiwa kafin ya shigo ɗaki, da yadda yake kawo mini rake duk ranar kasuwar Gwaram, amma ina tuna su ne kamar yadda nake tuna sunayen koguna da na koya wa 'yan aji biyar. Wurin da ya kamata baƙin ciki ya zauna, babu komai a wurin.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Addini bai ce mai takaba ta naɗe ƙafa ta zauna wuri ɗaya ba, na san wannan sarai. Ni ce dai na zauna. Akwai wani lungu a ɗakina tsakanin gado da bango, na shimfiɗa tabarma a nan na jingina bayana. Babbar 'yata, wadda take aure a Kano, ta zauna da ni har aka yi sadakar arba'in. Ita ce shara, ita ce girki, ita ce ɗiban ruwa. Da ta koma sai maƙwabta suka karɓa. Kwano na shigowa, yana fita kusan yadda ya shigo. Koko nake sha, sai ruwan shayi, sai loma biyu ta tuwo idan an tsaya a kaina. Wata rana jiri ya ɗebe ni ina tsaye a sallar azahar, na ƙarasa a zaune. Daga ranar ban sake tsayawa ba. Zaman ya fi sauƙi, kuma ba wanda ya ce mini komai.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na ɗauko atamfar da na saba sawa. Zanin ya zagaye ni har ya yi saura. Hannun rigar, wanda a da sai na yi dabara yake shiga, yanzu lilo yake yi. Na kama damtsena, na ga fata ce kawai take reto a jikin ƙashi kamar buhun da aka juye. Na duba, na saki. Mata suka ce, "Kai, takaba ta ci ki." Na ce haka ne.

Bayan kamar kwana goma, da rana tsaka, na shiga bayi na tsuguna. Da na gama na zo tashi, ƙafafuna suka ƙi. Ba ciwo suke yi ba, na dai ce su tashi ba su amsa ba. Na dafa bango, tafin hannuna ya zame. Na dafa buta, ta kife. Gidan ba kowa, 'ya'yana maza biyu duk suna wuraren aikinsu a wasu garuruwa. Na daɗe a tsugune ina kallon jerin tururuwa suna hawa bango, ina jin masu babur suna wucewa ta bayan katanga. Tsoro bai zo mini ba. Na yi tunanin idan na ɗaga murya maƙwabciyata za ta ji, sai kuma na ga kiran ma aiki ne. Daga ƙarshe na saki jiki na faɗi a kan gwiwoyina, na rarrafo har bakin ƙofa, na kama ƙyaure na miƙe. Na wanke jikina, na wanke zanin na shanya. Ban gaya wa kowa ba.

'Yata ce ta gano da kanta, ranar da ta zo duba ni ƙarshen wata. Ta yi sallama ina kan tabarma, na tashi in tarye ta, sai ta ga yadda nake tashi: in juya in durƙusa, in dafa ƙasa da hannu biyu, in kama ƙafar gado, sannan in miƙe a hankali. Ta tsaya da jakarta a hannu.

"Umma, tun yaushe kike tashi haka?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Gobe asibiti za mu."

An ɗebi jinina, an gwada sukari da hawan jini, an ɗauki hoton ƙugu da gwiwa. Likita ya ce bai ga wata cuta ba, ya tura mu sashen gashi, inda ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka karye yadda za su sake tafiya. Wadda ta karɓe mu mace ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ta jingina kujera da bango, ta ce in zauna, in harɗe hannuwana a ƙirji, in tashi ba tare da na dafa komai ba. Na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, na ɗago kamar taki ɗaya, na koma daɓas. Ta miƙo mini yatsunta biyu, ta ce in matse iya ƙarfina. Na matse.

"Mama, kin fara?"

"Na gama ma."

Ta jawo wata kujerar ta zauna gabana. Ta ce, "Mama, ba ki da cuta, tsokarki ce ta zube. Jiki ba ya ajiye naman da ba a sa shi aiki. In ya ga an daina amfani da shi sai ya cinye abinsa. Yaro in ya yi jinya ya tashi, wasa kaɗai ya isa ya mayar masa da shi. Wanda ya manyanta kuwa ba ya dawo masa haka nan, sai ya neme shi da gangan. Kuma yawo kaɗai ba ya isa, sai tsokar ta ɗauki abin da ya yi mata nauyi."

Ta nuna mini yadda zan riƙa tashi ina zama daga kujerar da aka ɗora wa matashi don ta ƙara tudu, da yadda zan tura bango da hannu biyu, da ɗaga gorar ruwa zuwa kafaɗa, da ɗage dunduniya ina riƙe da taga. Ta ce duk wanda ya yi mini sauƙi in ƙara masa nauyi, ko in cire matashin. Ta ce in bar rayuwa a kan koko, in ci wake da ƙwai da kifi da gyaɗa, in sha nono. Ta ba ni takarda mai zanen ɗan mutum yana yin kowanne.

'Yata ta tsaya a kaina kwana biyu na yi. Ta koma Kano, na ɗora takardar a kan durowa, na koma lunguna. Ban ga dalilin da zai sa in tashi daga kujera sau goma ba, alhali ko sau ɗaya na tashi ba ni da wurin zuwa.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, auta a ɗakinsu, shekara goma sha huɗu kawai ta ba ni. A Fagam take, can ƙasar Gwaram, kuma sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun kafin a yi mini aure. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". Siririya ce, baƙa, jijiyoyin hannunta a miƙe kamar igiyar guga. Ta zo gaisuwa tun ranar uku ta koma. Wannan karon 'yata ce ta kira ɗan Goggo a waya ta gaya masa halin da nake ciki, shi kuma ya gaya mata. Ta shigo da ƙullin kaya a kanta, ta sauke da kanta, ta tsuguna gabana ba tare da ta dafa komai ba. Ta kama cinyata ta matsa, yadda ake taɓa akuya a kasuwa.

"Uwata, ina naman ya tafi?"

"Oho, Goggo."

"Maigidan naki ne ya tafi da shi?"

Ta saki cinyar.

"To shi dai farin yadi kawai ya tafi da shi. Tashi ki haɗa kayanki."

Na ce ba ni da ƙarfin tafiya. Ta ce ai mota ce za ta yi tafiyar. Ban yi musu ba, domin musun ma ƙarfi yake so.

Direbobin tasha duk sun san ni. Suka ba ni gidan gaba, amma sai da wata fasinja ta jawo ni ta ciki, Goggo ta turo ni ta baya, sannan na hau. Na hango bencin da aka ce a kansa ya rasu. Wani mutum na zaune a kai yana goge takalminsa. Na yi ta kallo har motar ta tashi. A Gwaram muka sake mota zuwa Fagam. Lokacin bazara ne, duwatsu suna wucewa ta taga, an share gonaki ana jiran ruwa.

Gidan Goggo ɗaki uku ne, da rumbu biyu, da rijiya a tsakar gida. Tana zaune da ɗanta, manomi, da matarsa wadda take da ƙaramin ciki a lokacin. Babu doguwar kujera ko ɗaya a gidan, sai 'yar tsugunno da tabarma.

Washegari da safe ta zuba gero kaɗan a turmi, ta miƙo mini ƙaramar taɓarya. Na ɗaga sau bakwai, hannuwana suka gaji, taɓaryar ta goce ta bugi bakin turmin. Matar ɗanta ta taso za ta karɓa.

"Bar ta," in ji Goggo. "In ta gaji ta huta ta ci gaba. Furar ba sauri take yi ba."

Furar ranar sai bayan azahar aka sha ta.

Sai kuma aike. Da ƙyar zan kai ƙasa in zauna a kan 'yar tsugunno, sai ta ce, "Uwata, miƙo mini muciya." In yi ta fama in tashi in kawo, in koma in zauna. "Af, na manta, da ludayi." In kawo. "Duba mini ko kajin nan sun shiga ɗaki." Sau da yawa abin da take aike na in ɗauko yana nan kusa da ƙafarta. Sai da na yi mako guda kafin na gane da gangan take yi. Da na gane sai na ci gaba da zuwa aiken. Ba ta taɓa ganin takardar asibitin ba, ko ta gani ma ba ta yi boko ba.

Abinci kuwa ba a tambayata ko zan ci. A ajiye kwano gabana, ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ya ji ƙuli-ƙuli, ko fura da nonon da Fulani ke kawowa da hantsi. Goggo ta zauna tana ɓarar gyaɗa tana kallona har sai na ga ƙasan kwanon. Ban san ko da daɗi ba. Taunawa nake yi ina haɗiyewa.

Kwana uku da fara daka, na farka na ji cinyoyina da kafaɗuna kamar an yi mini duka da itace. Na kwanta ina sauraron ciwon. Tun rasuwar maigidana wannan ne abu na farko da na ji sosai, wanda ba sai na tuna wa kaina cewa ya kamata in ji shi ba. Na gaya wa Goggo jikina na ciwo. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe da saura." Ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ta gasa mini, ta bar ni na huta yini ɗaya, gari na wayewa ta sake miƙo taɓarya.

Aikin mai shi ne mai nauyin. A soya gyaɗa sama-sama, a murje, a fece ɓawon da faifai, a kai inji a niƙo, a juye kullun a babban turmi. Sai a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya. Da farko yana da laushi. Can sai ya ɗaure, ya riƙe taɓaryar kamar taɓon fadama, kuma a nan ne ba a tsayawa, domin in aka tsaya man ba zai taso ba. Goggo takan kafa ƙafafunta, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta juya da dukkan jikinta tun daga ƙugu. In man ya taso a kwashe, sannan a ɗora tunkuzar a kan dutse a danne ta da tafin hannu har sai ta daina tsiyaya. Makon farko kallo ne nawa. Na biyu nakan yi juyin farko mai laushin. Sai da na yi wata ɗaya da rabi kafin na iya kai shi inda yake ɗaurewa, nan ma sai ta karɓa ta ƙarasa.

A rijiya ma haka. Da rabin guga na fara, ina hutawa sau biyu kafin ya iso baki. Igiya ta fasa mini tafin hannu, ya warke, kanta ta fito.

Wata rana da la'asar na yi kabbara a tsaye, na yi ruku'u, na yi sujada, na tashi raka'a ta biyu ban dafa komai ba. Sai da na sallame na lura. Na zauna ina jiran in ji murna, ba ta zo ba. Na naɗe sallayar na fita wajen ɓarar gyaɗa.

Sau ɗaya kawai muka yi maganar maigidana ni da Goggo. Muna ɓara a inuwar rumbu, ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kina mafarkinsa?"

"A'a."

"Kina kewarsa?"

"Ban sani ba, Goggo. Ina nema in ji, babu komai."

Ta fasa gyaɗa biyu ko uku kafin ta yi magana. "Ni maza biyu suka mutu suka bar ni. Na farko na yi kuka har idona ya kumbura. Na biyun, wanda na fi daɗewa da shi, har yau ban yi ba. Na jira, bai zo ba." Ta watsa ɓawon gefe. "Wannan ba ni da maganinsa. Ƙafa dai nake so ki samu, kada wata ta riƙa kai ki bayi."

Ban taɓa gaya mata abin da ya same ni a bayin gidana ba. Ina jin dai ta ga mata da yawa, ta san inda zama yake kai mutum.

Damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu, sai zazzaɓi ya kama Goggo. Ta ce na sauro ne, ta sha magani ta ci gaba da aikinta. Bayan kwana huɗu ya sauka mata a ƙirji, numfashi ya fara gagararta. Ɗanta ya samo mota muka kai ta asibiti a Gwaram. Kwana tara muka yi, ni ce a gefen gadonta. Aka sallame mu, ta dawo gida ta sake kwanciya kusan mako uku, ba ta iya cin komai sai kunu.

A nan na ga abin da idona a jikin wani. Ni sai da na yi wata huɗu a zaune kafin na zube, ita wata ɗaya ya ishe ta. Igiyoyin hannun nan suka saki. Ƙwaurinta ya koma kamar karan dawa. Ɗanta yana gona tun safe, matarsa kuma cikinta ya tsufa, ba ta iya sunkuyawa. Ni ce mai ɗaga ta. In durƙusa gabanta, ta rataya hannuwanta a wuyana, in kafa ƙafafuna yadda na ga tana yi a bakin turmi, in miƙe da ita. In kai ta bayan ɗaki, in riƙe ta har ta gama, in dawo da ita. Ranar farko da na kwantar da ita, ta juya fuskarta bango.

Zazzaɓin ya tafi, tarin ya lafa, amma ba ta da niyyar tashi. Na ce wa ɗanta ya aro mini kujerar roba a maƙwabta. Na jingina ta da bango, na ninka bargo na ɗora, na ɗauko Goggo na zaunar da ita.

"Goggo, tashi."

"In je ina?"

"Ba ko'ina. Ki tashi ki koma."

"Uwata, ki ƙyale ni. Ni na ci zamanina. Wadda ta haura saba'in me kuma take nema?"

"Ban sani ba. Tashi dai."

"Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?"

Na miƙa mata hannuwana biyu. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta kama, ta yunƙura, na ɗan ja, ta miƙe jikinta na rawa, ta koma.

"Ɗaya," na ce.

"Ɗayan ke nan, ba ƙari."

Washegari ma ɗaya ta yi. Rana ta uku ta yi biyu. Takardar asibitin tana can Birnin Kudu a kan durowa, amma ashe zanen ya zauna a kaina. Na sa ta tura bango. Na ba ta gorar mai wadda ba komai a ciki na ce ta ɗaga, ta yi jifa da ita ta ce ita ba jaririya ba ce. Na ɗauko, na zuba ruwa rabi, na sake ba ta. Na dafa ƙwai na ajiye gabanta, na zauna ina kallonta har ta cinye. In na ce tausayinta nake ji na yi ƙarya, kuma ban taɓa tunanin alheri nake ramawa ba. Lokacin tashi da zama ne ya yi, sai in ɗauko kujera, kamar yadda in an buga ƙararrawa a makaranta nakan ɗauki alli in nufi aji. Don kada ta ce ita kaɗai ake wahalarwa, sai in yi nawa a gefenta, ina rungume da ɗan dutsen niƙa a ƙirji. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, wai tsofaffi biyu suna tashi suna zama, ba baƙo aka yi ba.

Matar ɗanta ta haihu lokacin girbin gero. Ranar suna Goggo ta fito tsakar gida da ƙafarta, tana dogara sanda. Ta kai tashi takwas ba a riƙe ta ba, an ma cire bargon. Bayi tana zuwa ita kaɗai. Amma turmin mai ya fi ƙarfinta. Ta gwada sau ɗaya, taɓaryar ta tsaya cak a tsakiyar kullun, ta saki ta koma gefe. Daga nan aikinta ya zama zama a bakin kasko, tana mulmula ƙuli-ƙuli tana soyawa, tana faɗan cewa ba haka ake juyi ba. Ni na riƙe juyin har matar ɗan ta gama wankan jego.

Na koma Birnin Kudu bayan an gama kai amfanin gona gida. Na koma sashen gashi ma, domin 'yata ta nace. Matar nan ba ta gane ni ba sai da ta duba kati. Ta sa ni in tashi in zauna, na yi ta yi har ta ce ya isa. Ta tambaye ni me na yi, na ce man gyaɗa. Ta ce to yanzu da babu turmi kada in saki, domin tsoka ta fi saurin zubewa a kan samuwa. Ta ce in nemi abu mai nauyi, kwana uku a mako, ina barin hutu a tsakani.

Na samo jarkoki biyu na zuba musu yashi. Litinin da Laraba da Asabar, bayan na karya kumallo, nakan ɗauke su daga bakin zaure zuwa bakin ɗaki in dawo, sannan in rungumi ɗaya in tsuguna in tashi. In sun yi mini sauƙi in ƙara gwangwani ɗaya na yashi. Shekara huɗu ke nan ina yi. Ba na ɗokin ranakun, ban kuma taɓa tsallake su ba sai da tafiya ko mura. Mutane suna cewa, "Hajiya, kin warware, kin dawo kamar da." Cinyata ta cika, wannan kam gaskiya ne, ana iya taɓawa a ji. Sauran ban san inda yake ba.

Goggo ta ƙara damina biyu. A ta uku ta rasu, da safe, tana zaune a bakin murhu, ba ta yi jinya ba. Aka kira ni a waya na kama hanya, suka jira ni. Ni da wata tsohuwa maƙwabciyarta muka yi mata wanka. Tsohuwar na zuba ruwa, ni ina juya ta. Ba ta da nauyi. Man gyaɗa ya shiga layukan tafin hannunta ya zauna, sabulu bai fitar da shi ba. Na wanke tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Matan gidan suna kuka a tsakar gida, ina jiyo su kamar rediyon maƙwabta.

Bayan sadakar uku na kamo hanyar gida. An yi ruwa mai yawa, wani rafi ya cika ya hau kan hanya kafin a shiga Birnin Kudu, motoci sun yi layi. Direba ya ce ko mu jira ruwan ya janye, ko mu sauka mu haye da ƙafa mu nemi babur a gaba. Na sauka. Ɗan Goggo ya haɗo ni da ƙaramin buhun gyaɗa da galan ɗin mai. Na yi gammo da wani ɗankwali, na tsuguna na ɗora buhun a kaina, na ɗauki galan a hannu ɗaya, na tattare zani da ɗayan, na shiga ruwan. Ya kai mini gwiwa, yana ja. Wata mata mai goyo ta kama gefen mayafina ta baya, muka haye tare. A ɗaya gefen babura sun ƙare, sai na ci gaba da tafiya a ƙasa.

Na isa gida ana kiran la'asar. Na sauke kayan, na wanke laka daga ƙafafuna, na yi salla, na tsince wake na ɗora a wuta.